Fenti a Kafaɗar Hagu

Ni mai wanki da guga ce, kuma duk wanda ya daɗe a wannan aikin ya san riga ba ta rufa wa mai ita asiri. Kawo mini rigar mutum in gaya maka hannun da yake cin abinci da shi, da aljihun da yake zuba mukullai, da ko akwai mai duba shi kafin ya fita daga gida. A shagon da nake aiki har tsokanata suke yi, wai in daina ƙare wa kayan mutane kallo kamar zan ba da shaida a kotu. To, wannan halin nawa ne ya jawo mini, domin ni na fara ganin koren fenti a kafaɗar hagu ta rigunan ɗana Auta.

Ƙofar ɗakin girkinmu kore ce, fentin kuma mai arha ne, ko yaya ka goge shi sai ya biyo ka. Na san wannan tabon farin sani. Na daɗe ina wanke shi a rigunan maigidana, lokacin da idonsa ya fara tafiya. Ba rana ɗaya ya makance ba. Ta gefe abin ya soma cin sa: abin da ke gabansa yana gani tar, na gefensa kuwa sai ya juya kai gaba ɗaya, in rana ta faɗi kuma sai ya koma kamar baƙo a gidansa. Gyaran rediyo da talabijin yake yi a lokacin, kuma ya ɓoye mini iya ɓoyewa, har ranar da ya zauna daram a kan tiren shayi a gaban baƙi. Likitan ido ya ce ciwon yana iya bin jini, yana kuma iya tsallake 'ya'ya. Ni rabin maganar na ƙarshe na ɗauka na riƙe da hannu bibbiyu. Yayar Auta ta girma, ta yi aure, idonta ras. Saura shi kaɗai nake jira in ga ya wuce.

Shekarunsa sha huɗu, kuma ban da ƙwallo babu abin da ya sani a duniya. Yana zuwa wata makarantar koyon ƙwallo da ke bayan babban filin wasa, kocinsu ya sha gaya mini cewa yaron zai yi nisa. Da na nuna masa fentin, ko a jikinsa. Ya ce sauri yake yi, kuma ƙofar ce ta cika matsi, in ina so in daina ganin tabo sai in sa a sake mata fenti. Na ce rashin kunyarsa ce za a sake wa fenti. Muka yi dariya, na yarda da shi, don ina son in yarda.

Sai kuma tsohuwar da ke zaune a ƙasan benenmu ta tare ni a matakala. Ta ce ita ba mai neman fitina ba ce, wanda kowa a gidan ya san ba gaskiya ba ne, amma kullum da rana in na tafi aiki sai ta riƙa jin dum, shiru, dum, shiru a saman kanta, har fitilar ɗakinta tana rawa. Na hau na duba teburin cin abincinmu, sai ga shatin ƙwallo zagaye-zagaye a kansa. Na buɗe baki zan sauke wa Auta kwandon faɗa, maigidan ya tare ni daga kujerarsa ta bakin taga. Ya ce in ƙyale yaro, shi yake sa shi, ƙarar tana ɗebe masa kewa. Mutumin da ko cokali ya faɗi sai ya yi tsaki, yau shi ne ƙarar ƙwallo take ɗebe wa kewa. Maganar ba ta zauna mini ba.

Ana haka koci ya aiko cewa ranar Asabar da yamma iyaye su zo, za a rufe zangon horo da ɗan wasan nishaɗi, sun samu sabon teburin tekbol yara za su gwada gwaninta a kansa. Na ce zan je. Auta ya ce ba wani abin kallo ba ne, shirme kawai za su yi, gara in huta. Babansa ma ya ce ai ƙafafuna sun sha tsayuwa duk mako, in zauna in miƙe su. Tunda nake da su ban taɓa ganin sun haɗa baki a kan hutuna ba. Nan take na san zuwa ya zama dole.

Zauren wasan dogo ne, ƙasansa katako, tagoginsa can sama kusa da rufi. Yana warin gumi da robar takalmi, irin warin da nake kwasa a jakar Auta kowane mako. An jera mana bencina a jikin bango, an ajiye teburin a tsakiya. Ni da na ji an ce tebur na zaci shimfiɗaɗɗe ne irin na kowa. Wannan doro gare shi, ya lanƙwaso ta gaba da baya kamar katifar da aka shanya a kan igiya, a tsakiyarsa kuma maimakon raga an kafa wani falle mai kama da gilashi.

Na faɗa kusa da wani direban babbar mota, uban golan ƙungiyar, mutum mai son a tambaye shi. Ban tambaye shi ba, amma ya yi mini bayani. Ya ce ba a sa hannu, ba a taɓa teburin, taɓawa uku kawai aka yarda ka yi kafin ka mayar wa abokin karawarka, kuma ba ka taɓa ƙwallo da gaɓa ɗaya sau biyu a jere. In ka tare da ƙirji, sai ka bi da cinya ko kai ko ƙafa. Ya ce doron nan shi ne sharrin abin, don ƙwallo in ta sauka a tsakiya gabanka take zuwa, in ta sauka a baki kuwa sai ta fanɗare ta yi gefe. Ya ƙara da cewa ɗansa ya tsani wasan, tunda an hana shi abu ɗaya tak da ya iya.

Gaskiyarsa ne. Golan ne ya fara shiga, ƙwallon farko da ta taso masa ya cafke ta da hannu biyu ya rungume, sannan ya tuna. Zauren ya ɗauki dariya, yara har da kwanciya a ƙasa. Akwai wani dogo da suke kira Tsani, ƙafafunsa sun yi masa yawa, kafin ya yanke shawarar wadda zai ɗaga ƙwallo ta wuce. Akwai wani gajere mai tumbi da suke kira Minista, wai don ba ya gudu a fili, sai dai ya tsaya yana nuna wa mutane inda za su je. Shi ya naɗa kansa alƙali, yana busa usur da baki, yana ba wanda ya ga dama maki. Dokar da suka kafa ita ce wanda ya ci ya tsaya, wanda aka ci ya zagaye teburin da tsallen kwaɗo. Ni ma na yi dariya, ba zan ɓoye ba, har na fara jin haushin kaina da na zo da zargi wurin da yara ke farin ciki.

Sai Minista ya ɗaga murya ya ce Mujiya ya shigo. Na waiwaya in ga wane ne mai wannan mugun suna, sai na ga ɗana ya miƙe yana gyara safa.

Na tambayi direban tun yaushe suke kiransa haka. Bai sani ba, sai ya yafito ɗansa, wanda ya zo yana haki daga tsallen kwaɗo. Yaron ya gaishe ni da ladabi, ya ce ai ba zagi ba ne, wasa ne kawai, kwanan nan aka sa masa.

“Mama, in kin kira shi ta gefe ba ya kallon ki da wutsiyar ido kamar kowa,” in ji shi. “Sai ya juyo da kan gaba ɗaya. Shi ya sa.”

Ya kwaikwaya mini, ya juya wuyansa a hankali, idanu a buɗe. Ubansa ya ƙyalƙyale da dariya. Ni kuwa na ji benci ya yi mini sanyi ta cikin zane. Na yi wa yaron murmushi na ce ya koma wurin 'yan'uwansa.

Auta ya iya, wannan ba a cewa komai. Ƙwallo in ta zo masa ta gaba, sai ya karɓe ta da ƙirji kamar an miƙa masa jariri, ya sauke ta a cinya, ya ɗora ta inda yake so da cikin ƙafa. Ya fitar da Tsani, ya fitar da wani mai kitso a gaban goshi, ya fitar da wanda ya biyo bayansa. Iyaye suna tafi. Ni ban tafa ba, don ba ƙwallon nake kallo ba, wuyansa nake kallo. Duk sanda ƙwallo ta tashi, kan nan nasa yana biye da ita kamar an ɗaure su da zare, bai yarda ta bar tsakiyar idonsa ko kaɗan ba. Sauran yaran suna wasa suna kallon abokansu, suna gwalo, suna ɗaga wa iyayensu hannu. Shi babu wannan. Yana dariya tare da su, amma jijiyar wuyansa a miƙe take.

Sai wani yaro shiru-shiru, wanda ban ji sunan da suke kiransa ba, ya gano bakin teburin. Ya ɗora ƙwallo a gefen hagun Auta, ta fanɗare ta wuce ta kusa da kunnensa. Auta bai ko motsa ba. Yana tsaye yana jiran ta ta gaba, sai da ya ji ta bugi katako a bayansa sannan ya juya. Minista ya ce Mujiya barcin rana yake yi, aka yi dariya. Yaron ya sake ɗora ta a wurin. Wannan karon Auta ya kai ƙafa, amma bayan ta wuce. Ya dafe ƙugu ya yi dariya, ya ce rana ce ta shige masa ido.

Babu wata rana. Ta riga ta sauka daga tagogin, abin da ya rage ɗan ja-ja ne a jikin rufi. An kunna fitilun zauren, amma kusan rabinsu matattu ne, ɓangaren da yake tsaye kuma shi ya fi duhu. Na san wannan lokacin na yini, na kuma tsane shi. Shi ne lokacin da maigidana yake cewa ya gaji, ya rufe shago da wuri, ya ƙi zuwa ko'ina. Na ga Auta ya ɗan ja da baya daga teburin, yana ƙifta ido, yana murza shi da bayan hannu. Aka cinye shi. Ya zagaye teburin da tsallen kwaɗo yana kukan kwaɗin, yara suna bin sa da tafi, a kwanar ƙarshe kuma kafaɗarsa ta hagu ta gogi ƙarfen ƙafar teburin.

Na yi niyyar in tashi in kama hannunsa mu tafi. Abin da ya zaunar da ni shi ne kunyar idon abokansa, da kuma wata 'yar muryar da ke cewa gajiya ce, kowane yaro yana kuskure. Ina wannan kokawa da kaina Minista ya zo da sabuwar fitina. Ya ce duk wannan wasan yara ne, gwani na gaskiya shi ne wanda zai mayar da ƙwallo ido a rufe. Ya tuɓe doguwar safarsa ya ce da ita za a ɗaure fuska. Yara suka watse suna toshe hanci, golan ya ce shi gara a kore shi daga ƙungiyar. Koci yana dariya ya jefa musu tawul mai tsabta, ya ce a riƙa jefa ƙwallon a hankali, kada a fasa wa wani hanci a gaban uwarsa.

Abin ya zama abin dariya na gaske. Tsani ya kai wa iska shuri har ya zauna. Mai kitson goshi ya tsaya ya ƙame, ƙwallo ta sauka a tsakiyar kansa ta yi sama, ya ce da gangan ya yi. Golan ya baza hannuwa yana lalube, ta bi ta tsakanin ƙafafunsa. Minista da kansa, da aka ɗaure masa, ya ɗaga tawul ɗin ta ƙasa yana leƙe, aka kama shi aka sa shi tsallen kwaɗo ninki biyu. Wata uwa a bayana ta yi dariya har tana share hawaye. Babu wanda ya ko taɓa ƙwallon da niyya, kuma babu wanda ya damu, don an san ba mai yiwuwa ba ne.

Aka ce saura Mujiya. Na ga ya ɗan yi jim. Ya juyo da kansa gaba ɗaya wajen bencinan yana nemana, ya bi fuskokin iyaye ɗaya bayan ɗaya, bai same ni ba, alhali ina zaune ba nisa da shi, ta hagunsa. Ina jin ya ɗauka na fita. Sai ya miƙa kai aka ɗaure masa tawul.

Tun kafin a jefa ƙwallon na lura da tsayuwarsa. Ya buɗe ƙafafu daidai faɗin kafaɗa, ya saki hannuwansa, ya karkatar da kai kaɗan, kunnen dama a gaba, ya ɗan buɗe baki. Duk taurin wuyan nan ya tafi. Tunda aka fara wasan ban ga ya saki jiki ba sai yanzu da aka rufe masa ido. Kuma tsayuwar ba tasa ba ce. Haka babansa yake tsayawa a bakin titi in yana sauraron motoci kafin mu tsallaka.

Ya ce a yi shiru, cikin wasa, yana ɗaga yatsa kamar malamin makaranta. Aka yi shiru ana danne dariya. Yaron nan shiru-shiru ya jefa ƙwallo, ta sauka a kan doron, dum. Auta ya matsa rabin taku, ta faɗo masa a ƙirji. Ya bar ta ta gangaro cinya, ya ɗaga ta, ya tura ta da cikin ƙafa. Ta haye gilashin ta sauka a ɗaya ɓangaren.

Zauren ya tashi. Yara suka yi kansa, Minista yana rantsuwa cewa leƙe yake yi, ya zo ya duba tawul ɗin da kansa, ya ƙara ɗaure shi tamau har Auta ya ce zai cire masa kunne. Aka sake jefawa, ya sake mayarwa. Aka jefa ta baki, ta hagun nan da ta ci shi ɗazu ido a buɗe, ta fanɗare, sai ga shi ya riga ta isa wurin, ya tare ta da kafaɗa. Sau ɗaya ta kuɓuce masa, ya yi tsaki ya ce wani ya yi tari. Direban yana dukan cinyarsa yana cewa bai taɓa ganin irin wannan ba. Matar da ke bayana ta dafa ni ta tambaya ko ɗana ne, na gyaɗa kai. Ta ce Allah ya raya mini shi, na ce amin.

Ni dai ƙarar nake ji. Dum, shiru. Dum, shiru. Tsohuwar ƙasan bene ba ta yi ƙarya ba, kuma yanzu na san abin da ake yi a kan teburin cin abincina in na tafi aiki. Babu yaron da yake iya wannan don sa'a. Sai wanda ya daɗe yana koyo, kuma babu mai koyon zama cikin duhu sai wanda ya san can za shi. Tsoro na ji, tsoro tsagwaronsa, irin wanda ban sake ji ba tun ranar da likita ya kashe 'yar fitilarsa ya juyo ya kalle ni maimakon ya kalli maigidana.

Da aka tashi koci ya zo ya same ni, bakinsa har kunne. Ya ce in gode wa Allah, yaron nan kamar yana da ido a ƙeya. Ya ce kwanan baya ya ɗan damu da shi, don yana sakin 'yan wasan da ke bi ta gefensa, amma yau ya tabbata rashin mai da hankali ne kawai na ƙuruciya. Akwai babban wasa Asabar mai zuwa, masu neman yara daga manyan ƙungiyoyi za su zo, kuma da Auta zai fara. Na yi masa godiya. Mutumin kirki ne, ban ga amfanin ɓata masa yammacinsa ba.

Hanyar fita daga zauren wani dogon lungu ne mara fitila. Na tsaya baya ina kallo. Auta ya rataya hannu a kafaɗar golan, yana tsokanarsa a kan cafkar da ya yi, kamar yadda yara suke rataye juna. Amma na ga yatsun. Ba a sake suke ba, sun kama kafaɗar ta sama, babban yatsa a baya, shi kuma yana rabin taku a bayan abokinsa. Kafaɗata ta san wannan riƙon, shekara nawa tana ɗauke da shi. A waje, ƙarƙashin fitilar titi, ya sake shi, ya gan ni, ya ce ashe ban tafi ba. Na ce ina zan je. Ya tambaya ko na ga na ƙarshen, na ce na gani. Muka shiga motar haya muka zauna kowa yana kallon gabansa.

A matakalar gidanmu na bar shi ya wuce gaba. Ƙwan fitilar hawa na biyu ya daɗe da mutuwa. Na ji yadda yake tura ƙafa tana shafar kowace matakala kafin ya taka, shuu, sannan taku. Ban san tun yaushe yake hawa haka ba. Ni kullum ina gaba da kaya a hannu, ina mitar gajiya.

Maigidan yana kujerarsa ta bakin taga, da wata tsohuwar rediyo a cinya wadda yake kwancewa yana ɗaurawa don kada hannunsa ya manta. Tun kafin mu rufe ƙofa ya tambaya yaya aka yi. Auta ya zube a ƙasa kusa da ƙafarsa, ya shiga ba shi labari, golan da cafkarsa, Minista da safarsa, har da kwaikwayon faɗuwar Tsani. Uban yana dariya ƙasa-ƙasa. Da aka zo kan tawul sai Auta ya rage murya, ya ce ya mayar da kusan duka. Uban bai yi mamaki ba, bai ce yaya aka yi ba. Ya tambaye shi kawai ko ta bakin teburin ta ba shi wahala.

Na shiga ɗakin girki na dafa shayi, don in ban ba hannuwana aiki ba zan fasa wani abu. Raina a ɓace yake da su biyun, da suka mai da ni baƙuwa a cikin gidana, kuma a ƙarƙashin ɓacin ran ina roƙon Allah ya sa ni ce mai mugun zato. Na zuba a kofi, na ɗora a faranti da cokali a ciki. Na fito ba takalmi. Na zagaya ta hagun Auta, na tsaya, na miƙa kofin daidai gefen fuskarsa, kusa har tururin yana taɓa kunnensa.

Fitilar ɗakin a kunne take. Auta yana kallon babansa, yana ba da labarin abin da koci ya ce game da Asabar, yana zana fili da hannu a iska. Na tsaya. Kowane yaro da ya ga hannun uwarsa a wurin da tuni ya karɓa, ko ya kauce, ko ya ce Umma za ki ƙona ni. Ya ci gaba da magana. Hannuna ya fara rawa, cokalin ya soma kaɗawa a jikin kofin, siririyar ƙara wadda ni kaina da ƙyar nake jin ta.

Maigidan ya daina juya sukurun da ke hannunsa. Ya karkatar da kai, kunnen dama a gaba.

“Auta,” ya ce a hankali. “Hagu.”

Yaron bai juya ba. Hannunsa ne kawai ya tashi, ya zo daidai, ya karɓi farantin ta ƙasa ba tare da ɗigo ya zuba ba. Sai da kofin ya zauna a hannunsa sannan ya gane abin da ya yi, da wanda ya miƙo masa. Ya juyo da kansa gaba ɗaya, a hankali, har ya same ni.

Maigidan ne ya fara magana. Bai ba ni haƙuri ba, kuma da ya ba ni da ban karɓa ba. Ya ce a matakala ya ji shi, tun kafin fentin, don ya san wannan jan ƙafar, tasa ce. Ya ce shi babu wanda ya koya masa komai sai bango da goshinsa.

“Na so ya koya tun yana gani,” in ji shi.

Na ce jibi ba zan je aiki ba, asibitin ido za mu, mu uku, kuma duk wanda ya ce mini in huta sai ya gane kurensa. Babu wanda ya musa. Auta yana riƙe da kofin da hannu biyu, bai sha ba. A kafaɗar rigarsa ta hagu, kan tsohon koren da na kasa fitarwa, akwai sabon baƙin shati na ƙarfen teburin.

“Umma,” ya ce, “ta gaba ina gani sosai, wallahi. Ki bar ni in buga na Asabar.”

Na ce ya tuɓe rigar ya ba ni in jiƙa, in dai yana so ta bushe kafin ranar.